Tace batsa a intanet: Darasin da ke cikin gwajin Birtaniya tun daga 2013

A ranar 25 ga watan Yulin 2025, miliyoyin masu amfani da intanet a Birtaniya suka wayi gari da sabuwar ƙa'ida: duk wanda zai shiga shafin batsa sai ya tabbatar da cewa ya kai shekara 18, ko ta hanyar nuna fuskarsa ga kyamara, ko ɗora hoton fasfo ko lasisin tuƙi, ko bayar da bayanan katin banki. Kafin mako ya zagayo, manhajojin VPN, waɗanda ke ɓoye ƙasar da mutum yake, sun mamaye jerin manhajojin da aka fi saukewa a ƙasar. Kamfanin Proton VPN ya ce masu yin rajista da shi daga Birtaniya sun ƙaru da kashi 1,400 cikin 100.

Wannan shi ne zango na baya-bayan nan a tafiyar da aka faro tun 2013, lokacin da gwamnatin David Cameron ta ce a sanya wa intanet ɗin kowane gida rariya mai tace abubuwan batsa, kuma a bar ta a kunne sai dai idan mai gida ne ya nemi a kashe.

Babu mai gardama kan cewa yara na buƙatar kariya. Abin da aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kai shi ne wane ne zai riƙe rariyar, me da me za ta tace, kuma ina bayanan waɗanda suka ce a cire musu ita za su ƙare. Tambayoyin sun shafi Najeriya, domin a watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai ta buƙaci Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta toshe shafukan batsa a faɗin ƙasar.

Yadda aka faro

A ranar 22 ga Yulin 2013 ne Cameron ya yi jawabin da ya kafa tsarin. Ya zo ne watanni biyu bayan kotuna sun yanke hukunci kan mutum biyu da suka kashe ƙananan yara mata, Tia Sharp mai shekara 12 da April Jones mai shekara biyar. A duka shari'o'in biyu an bayyana cewa makasan sun riƙa kallon hotunan lalata da yara a intanet. Hankalin jama'a ya tashi, jaridar Daily Mail kuma ta daɗe tana kamfe kan a toshe batsa.

Manyan kamfanonin samar da intanet huɗu, wato BT da Sky da TalkTalk da Virgin Media, waɗanda ke kai intanet kusan gida tara cikin goma a lokacin, suka amince. Sabon kwastoma zai tarar an riga an zaɓa masa "a kunna", tsofaffin kwastomomi kuma za a tilasta musu yanke shawara kafin ƙarshen 2014.

Tun daga nan masu suka suka nuna wani ruɗani a cikin batun. Hotunan lalata da yara haramun ne a dokar ƙasar, kuma tun 2004 kamfanin BT ke toshe su ta wani tsari mai suna Cleanfeed, bisa jerin da gidauniyar Internet Watch Foundation ke tattarawa. Sabuwar rariyar kuwa ta shafi abubuwan da doka ba ta haramta wa baligi ba. An yi amfani da fushin jama'a kan na farko wajen tallata na biyu.

Kuma ba majalisa ce ta kafa tsarin ba. Yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da kamfanoni, don haka babu dokar da ta fayyace abin da za a toshe, babu kuma kotun da mai shafi zai garzaya idan an toshe shi bisa kuskure.

Me ya sa "a kunne tun farko" ke da nauyi?

Masu tsara manufofi sun san halin ɗan Adam: mafi yawan mutane ba sa taɓa abin da suka tarar an saita musu. Wanda ya zaɓi saitin farko, kusan shi ne ya zaɓar wa jama'a.

Alƙaluman hukumar sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, na Yulin 2014 sun nuna haka ta ɗaya fuskar. Da aka tambayi sabbin kwastomomi kai-tsaye, kashi 5 cikin 100 ne suka karɓi rariyar a BT, kashi 8 a Sky, kashi 4 a Virgin Media, sai kashi 36 a TalkTalk wanda ya fara nasa tsarin tun 2011. A farkon 2015 kamfanin Sky ya sauya salo, ya fara kunna ta da kansa ga duk wanda bai amsa tambayar ba, daga nan adadin gidajen da ke amfani da ita ya haura sosai.

Masu goyon baya na ganin wannan a matsayin nasara: iyayen da ba su iya sarrafa na'ura ba sun samu kariya ba tare da wahala ba. Masu adawa kuma na cewa shirun mutum ba amincewa ba ne, kuma akwai kunya a cikin lamarin. Magidancin da ya ga an toshe masa shafin lafiya ko dandalin tattaunawa dole ya nemi a cire masa abin da kowa ke kira "rariyar batsa", wataƙila a gaban iyalinsa. Da yawa za su gwammace su haƙura.

Rariyar da ke riƙe gari ta zubar da tsaki

Intanet ya fi ƙarfin a ce mutane ne za su zauna su duba shafi ɗaya bayan ɗaya. Manhaja ce ke rarraba shafuka bisa kalmomi da alamomi, ita kuwa manhaja ba ta bambance likitan da ke bayani kan cutar sanyi da mai tallar batsa.

A Disambar 2013 shirin Newsnight na BBC ya gwada tsarin. Ya gano cewa rariyar TalkTalk ta lissafa shafin wata cibiyar taimaka wa matan da aka yi wa fyaɗe a Edinburgh a cikin shafukan batsa. Ta BT ta toshe shafukan kiwon lafiyar al'aura da na agajin matan da ake duka a gida. Ta Sky kuma ta toshe wasu shafukan da aka buɗe domin taimaka wa masu son daina kallon batsa. A lokaci guda, wasu shafukan batsa na ainihi sun wuce ba tare da an tare su ba.

A Yulin 2014 ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta Open Rights Group ta gwada shafuka 100,000 da aka fi ziyarta, ta ce kusan ɗaya cikin biyar na toshe a aƙalla ɗaya daga cikin rariyoyin kamfanonin, gwargwadon saitin da aka zaɓa. A ciki har da wani shafin sayar da motoci da sanannen shafin siyasa na Guido Fawkes.

Dalilin yawan adadin shi ne rariyar ba batsa kaɗai take tacewa ba. Rukunonin sun haɗa da caca da ƙwayoyi da barasa da makamai da kisan kai da shafukan neman abokin zama, har da shafukan sada zumunta ga wanda ya zaɓa.

Wanda ya fi cutuwa da wannan kuskure shi ne wanda aka ce don shi aka yi tsarin. Yarinyar da wani a cikin gidansu ke cin zarafinta ba za ta iya zuwa wajen mai riƙe da kalmar sirrin intanet ɗin gidan ta ce ya buɗe mata shafin neman agaji ba. Ƙaramin ɗan kasuwar da aka toshe shafinsa kuma sau da yawa ba ya ma sani, domin babu mai sanar da shi, sai dai ya ga ciniki ya ragu.

Idan an gina hanya, kowa zai bi

Damuwa ta biyu ta fi ta farko zurfi: na'urar da aka girka domin toshe abu ɗaya tana iya toshe komai, kuma tarihin Birtaniyar kanta ya nuna haka.

An gina Cleanfeed ne domin hotunan lalata da yara kawai. A 2011 Babbar Kotu ta umarci BT ya yi amfani da fasahar wajen toshe shafin Newzbin2 saboda satar fina-finai, bayan ƙarar da kamfanonin Hollywood suka shigar. A 2012 aka toshe The Pirate Bay. A ƙarshen 2014 gwamnati ta sanar cewa manyan kamfanonin sun amince su shigar da abubuwan da suka shafi tsattsauran ra'ayi cikin abin da ake tacewa. Kowane mataki na da hujjarsa, amma babu ɗaya a cikinsu da aka ambata ranar da aka girka na'urar.

Ko jerin da aka fi amincewa da shi ya taɓa jawo rikici. A Disambar 2008 Internet Watch Foundation ta sanya wani shafi na Wikipedia a jerinta saboda hoton bangon wani tsohon faifan waƙa, lamarin da ya hana ɗimbin mutane a Birtaniya yin gyara a Wikipedia baki ɗaya na wasu kwanaki, kafin gidauniyar ta janye.

Ostireliya ta ga irin haka. Gwamnatinta ta so kafa rariya ta dole, amma a 2009 WikiLeaks ya fallasa jerin sirri na shafukan da hukuma ta haramta, aka tarar a ciki har da shafin wani likitan haƙori a jihar Queensland. A 2012 gwamnati ta yi watsi da shirin. Matsalar jerin sirri ke nan: ba a wallafa shi don kada ya zama jagora ga masu neman ɓarna, amma rashin wallafa shi na nufin babu mai iya gano kuskure ko son zuciya a cikinsa.

Wa ke riƙe da sunayen?

Duk tsarin da ya ce "a kunne sai ka nemi a kashe" yana haifar da wani jeri: na waɗanda suka nemi a kashe. Mutum na iya yin haka saboda shi likita ne ko ɗan jarida ko mai bincike, amma idan jerin ya fita, fassara ɗaya jama'a za su yi masa.

Fargabar ba ta banza ba ce. A 2013 BBC ta ruwaito cewa kamfanin Huawei na China ne ke gudanar da rariyar TalkTalk, kuma har waɗanda suka ƙi karɓar tsarin, zirga-zirgarsu na bi ta cikinsa. A Oktoban 2015 masu kutse suka sace bayanan kwastomomin TalkTalk kusan 157,000, abin da ya sa hukumar kare bayanai ta ci tarar kamfanin fam 400,000. A shekarar ce kuma aka fallasa bayanan miliyoyin masu rajista da shafin Ashley Madison, aka riƙa bin mutane da barazanar tona asiri ana karɓar kuɗi.

Sannan a 2016 majalisa ta amince da dokar da ta ba gwamnati ikon tilasta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan shafukan da kwastoma ya shiga har na tsawon wata 12.

Fasaha ta sha gaban rariya

Yayin da ake wannan muhawara, intanet ɗin kansa ya sauya. Yawancin shafuka sun koma amfani da kulle na HTTPS, wanda ke sa kamfanin sadarwa ya ga sunan shafin da mutum ya shiga amma ba ya ganin abin da ke ciki. Zaɓinsa biyu ne: ya toshe shafin gaba ɗaya ko ya bar shi gaba ɗaya.

Wannan ya raunana rariyar, domin yara ba a shafukan batsa kaɗai suke cin karo da batsa ba. Rahoton Kwamishinar Yara ta Ingila, Rachel de Souza, na Janairun 2023 ya nuna cewa a cikin matasan da suka taɓa gani, matsakaicin shekarun fara gani 13 ne, kashi 27 cikin 100 sun gani kafin su wuce shekara 11, kashi 10 kuma tun suna shekara tara. Dandalin da aka fi ambata shi ne Twitter, wanda yanzu ake kira X, da kashi 41, sama da shafukan batsar kansu. Shekara goma bayan jawabin Cameron ke nan.

Don haka gwamnati ta koma kan tantance shekaru. Dokar 2017 ta tanadi hakan, amma aka yi ta ɗage aiwatarwa har aka yi watsi da ita a Oktoban 2019. Sai Dokar Kare Lafiyar Intanet ta 2023, wadda ta ba Ofcom ikon cin tarar kamfani har fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsa na duniya, duk wanda ya fi yawa.

Tsoffin matsaloli a sabuwar riga

Girman tarar ya sa kamfanoni suka zaɓi wuce gona da iri a kan su yi kasada. Bayan 25 ga Yulin 2025, sashen binciken BBC ya gano cewa a X da Reddit an sanya shingen shekaru a kan wasu bayanai game da yaƙin Gaza da na Ukraine, har da wani jawabi da wata 'yar majalisa ta yi a zauren majalisar dokoki. Babu jami'in da ya ba da wannan umarni. Tsoron tara ne ya yi aikin.

Gidauniyar Wikimedia ta kai ƙara tana gargaɗin cewa ƙa'idojin na iya tilasta mata tantance masu rubutu a Wikipedia, amma Babbar Kotu ta kori ƙarar a Agustan 2025. Takardar koke da ke neman a soke dokar ta samu sa hannun mutum sama da 500,000, gwamnati kuma ta ce ba ta da niyyar sokewa.

A ɓangaren sirri, Discord ya sanar a Oktoban 2025 cewa kutsen da aka yi wa wani kamfani da ke yi masa aiki ya iya fallasa hotunan katin shaida na mutum kusan 70,000, waɗanda suka tura domin tabbatar da shekarunsu. A da jerin sunaye ake tsoro, yanzu kuma fuska ce da fasfo.

Masu kare dokar na da nasu hujjoji masu ƙarfi. Suna cewa ba a taɓa cewa za a hana kowane yaro ba. Matashi mai shekara 16 da ya ƙudurta zai nemo VPN, amma yaro ɗan shekara tara da ke faɗawa cikin batsa ba da niyya ba ya samu katanga, kuma alƙaluma sun nuna ziyarar manyan shafukan batsa daga Birtaniya ta faɗi sosai. Suna kuma tambaya: idan ana neman shaida kafin a sayar wa mutum barasa a kanti, me ya sa intanet zai zama daban? A Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta amince da irin wannan doka ta jihar Texas da rinjayen alƙalai shida da uku.

Amsar masu suka ita ce mai kanti yana kallon kati ne ya mayar, ba ya ajiye hotonsa tare da lissafin abin da mutum ya saya. Sun kuma yi gargaɗin a guji gudun gara a faɗa gidan zago: manyan shafukan da suka bi doka sun rasa masu ziyara, ƙananan da ba sa bin kowace doka kuma ba sa tace komai na iya kwashe su, yaran da suka koma VPN na kyauta kuma suna miƙa bayanansu ga kamfanonin da ba a san su ba.

Faransa ta gwada wata tsaka-tsakiya: hukumarta ta Arcom ta wajabta wa shafuka samar da hanyar da mai tantance shekaru bai san shafin da mutum zai shiga ba, shafin kuma bai san ko wane ne mutumin ba.

Abin da Najeriya za ta duba

A Najeriya, musamman a Arewa, kiran toshe batsa ba zai rasa magoya baya ba, domin addini da al'ada sun haɗu a kan ƙyamarta, iyaye kuma na ganin yadda waya ke shiga hannun yara tun suna ƙanana. Sai dai gwajin Birtaniya ya nuna cewa kyawun niyya ba ya amsa tambayar yadda za a yi.

Ƙasar ta riga ta ga yadda ikon toshewa ke aiki. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter bisa umarnin gwamnati, ba tare da hukuncin kotu ba, kuma daga baya Kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka. A watannin ne 'yan Najeriya da dama suka koyi amfani da VPN, ilimin da ba zai gushe ba. Bugu da ƙari, kowane layin waya a haɗe yake da lambar NIN, don haka duk jerin da aka tara na masu neman a cire musu rariya jeri ne mai ɗauke da cikakken suna da hoto. Dokar Kare Bayanai ta 2023 tana nan, amma har yanzu ana samun rahotannin sayar da bayanan 'yan ƙasa a intanet.

Akwai kuma batun harshe. Rariyar da aka horar da Turanci ta kasa bambance shafin lafiya da na batsa a Turancin kansa. Me za ta yi da bayanin Hausa kan yoyon fitsari, ko cutar sanyi, ko hukunce-hukuncen haila da janaba a darussan fiƙihu?

Idan har za a yi, akwai sharuɗɗan da tarihin shekarun nan ya nuna ba a tsallake su. Doka ce ya kamata ta fayyace abin da za a toshe, ba wasiƙar hukuma ba. A samu wata kafa mai zaman kanta da ke duba jerin, da hanyar ɗaukaka ƙara cikin gaggawa ga wanda aka toshe bisa kuskure. A haramta adana sunayen waɗanda suka nemi a buɗe musu. A kuma rubuta ƙarara cewa ba za a yi amfani da na'urar kan jaridu ko 'yan adawa ba, tare da hukunci ga wanda ya saɓa.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar jiran gwamnati. Wayoyin Android na da Family Link, na iPhone kuma na da Screen Time, duka kyauta ne, kuma suna bai wa uba ko uwa damar taƙaita abin da ke shiga wayar yaro ba tare da an taɓa ta maƙwabci ba. Ba su cika ba, kamar yadda babu rariyar da ta cika, amma makullin yana hannun wanda ya san yaron. Rariyar ƙasa baki ɗaya kuwa makullinta na hannun duk wanda ke kan mulki, na yau da kuma wanda zai gaje shi.